Keken Tsere na Ƙarfe: Masu Ƙera Shi da Masu Rayar da Shi

A ranar 9 ga Yuli, 1913, tun da sauran dare, mahaya keken gasar Tour de France suka tashi daga garin Bayonne za su Luchon, tafiyar kilomita 326 ta cikin duwatsun Pyrenees waɗanda suka raba Faransa da Sifen. Hanyar ba kwalta, sai tsakuwa da ramuka. Eugène Christophe na cikin na gaba-gaba, har an fara cewa gasar bana tasa ce. Ya haye Tourmalet, mashigar da tsayinta ya haura mita 2,100, ya fara gangara ke nan sai fok ɗin kekensa ya karye, wato ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da ƙafar gaba.

Dokar gasar a wancan zamani ba ta san sassauci ba. In kekenka ya lalace kai za ka gyara abinka, ba mai sa maka hannu. Christophe ya saɓa keken a kafaɗa, ya gangara da ƙafa wajen kilomita 10, abokan karawarsa na wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har ya isa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan ya sami maƙera. Mai maƙerar, wanda ake kira Lecomte, ya so ya karɓi aikin, alƙalan gasa suka hana. Abin da ya ceci Christophe shi ne ya koyi aikin ƙarfe kafin ya shiga tsere. Ya sa ƙarfe a wuta, hannu ɗaya riƙe da awartaki, ɗaya riƙe da guduma. To wa zai zuga? Wani yaro ɗan shekara 7 ne ya kama zugazugi. A kan wannan zugar kaɗai alƙalai suka ci shi tarar minti 10, daga baya aka rage zuwa 3, mutumin da ya riga ya yi asarar kusan awa huɗu. Ya hau keken da ya ɗinke da hannunsa, ya haye sauran duwatsu biyu, ya isa Luchon. Da aka ƙare gasar a Paris shi ne na bakwai. Har yau akwai allon tunawa a jikin ginin maƙerar.

Na fara da wannan labari ne domin duk wanda yake son ya gane abin da ya sa mutane a Turai, Amurka da Japan suke kashe lokacinsu da kuɗinsu kan kekunan da suka girme su, to daga nan zai kama bakin zaren. Keken tsere na ƙarfe ya tashi ne a zamanin da mahayi shi ne bakaniken kansa. Shi ya sa aka ƙera shi yadda kowane sashe nasa yake kwancewa da sifana, a ga cikinsa, a wanke, a mayar. An daɗe da soke waccan doka, amma halin da ta dasa wa keken ya zauna a jikinsa fiye da shekara 70, kuma wannan halin ne masu sha'awar tsofaffin kekuna suke riƙe da shi yau.

Siffar keken kanta ta kafu cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila ya fito da Rover, keke mai sarƙa da ƙafafu kusan daidai da juna, wanda ya kori dogon keken nan mai ƙatuwar ƙafa a gaba. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya kawo taya mai iska. A 1891 'yan'uwan nan na gidan Michelin suka yi tayar da ake cirewa a yi mata faci a bakin hanya, kuma da ita Charles Terront ya cinye tseren Paris zuwa Brest da dawowa, wajen kilomita 1,200, cikin ƙasa da kwana uku.

Abin da ya bambanta keken tsere da na zuwa kasuwa kuwa yana cikin bututun ƙarfen da aka haɗa firam da shi, inda ido ba ya gani. A 1897 kamfanin Reynolds na Birmingham, wanda asalinsa ƙusoshi yake yi, ya yi rajistar wata dabara: bututu mai kauri a bakunansa biyu, inda ake haɗi kuma inda nauyi yake taruwa, siriri a tsakiya inda ba a bukatar ƙarfe da yawa. Daga waje ba ka ganin bambanci, sai ka ɗaga ka ji ba nauyi, ko ka ƙwanƙwasa da farce ka ji yana amsawa da ƙara siririya. A 1935 suka fito da samfurin da suka sa wa lamba 531, ƙarfe gauraye da manganis da molibdinam, wanda ya yi shekaru da dama yana cin Tour de France a ƙarƙashin mahaya daban-daban. A Italiya kamfanin Columbus na Milan ne ya riƙe wannan fage. Yadda ake haɗa bututun ma yana da muhimmanci. Akan zura bakin kowanne a cikin ɗan mahaɗi na ƙarfe, a gasa da wuta daidai gwargwado, a narka tagulla ko azurfa ta kwarara cikin tsakanin ta kama. Tun da ba a narka bututun kansa ba, in ɗaya ya lanƙwashe a hatsari, maƙeri zai iya sake gasa mahaɗin, ya zare shi, ya sa sabo. Akwai kekunan da suka haura shekara 60 suna kan hanya yau saboda wannan kaɗai.

Maganar giya ita ce aka fi daɗewa ana jayayya a kanta. Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France a 1903, yana ganin canja giya da na'ura raki ne, jarumi da ƙarfin cinyarsa zai hau dutse. Masu yawon buɗe ido a kan keke ne suka riga masu tsere karɓar abin, a bayan Paul de Vivie na Saint-Étienne, wanda aka fi sani da Vélocio, mutumin da ya yi shekaru yana rubutu yana kare giya. Su kuwa masu tsere, abin da suke da shi shi ne ƙafar baya mai haƙora a gefe biyu, ƙanana a nan, manya a can. In mahayi ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya kwance noti masu fukafuki, ya zare ƙafar, ya juya ta, ya ɗaure, ya hau. In ya kai ƙololuwa ya sake sauka ya mayar.

Tullio Campagnolo, ɗan garin Vicenza, yana cikin masu shan wannan wahala. Yadda shi da kamfaninsa suke ba da labarin, a watan Nuwamba na 1927 yana tsere a mashigar Croce d'Aune, ƙanƙara na zuba, yatsunsa suka sandare har ya kasa murɗa notin. Ya koma bayan shagon kayan ƙarfe na mahaifinsa ya zauna tunani. Abin da ya fito da shi, ya yi masa rajista a 1930, shi ne siririn ƙarfe da ke ratsa cibiyar ƙafa, da ɗan hannu a gefe: ka buɗe shi ƙafa ta fita, ka rufe ta kama gam, ba sifana ba noti. Duk wanda ya taɓa cire ƙafar keken tsere da hannu ɗaya ya ci gajiyar wannan mutumin. A 1933 ya kafa kamfani da sunansa. Can a Dijon ta Faransa kuma Lucien Juy ya riga ya fara sayar da na'urar canja giya mai suna Simplex. Sai a 1937 aka yarda kowa ya yi amfani da irin wannan na'ura a Tour de France, shekarar da Roger Lapébie ya cinye.

Na'urar canja giya ta farko ta Campagnolo, Cambio Corsa, sai gwani. Sanduna biyu ne dogaye a jikin firam ta baya. Mahayi yana cikin gudu zai miƙa hannu baya ya saki ƙafar da sanda ɗaya, ya ture sarƙa da ɗayar yana taka feda da baya, ya bar nauyinsa ya ja ƙafar ta daidaita, sannan ya kulle. Duk wannan a kan hanyar tsakuwa, a tsakiyar ayarin mahaya. Da irin wannan kayan aka yi zamanin Gino Bartali da Fausto Coppi, mutum biyun da suka raba Italiya gida biyu. Bartali ya ci Tour a 1938, ya sake ci a 1948. Abin da ya yi a tsakanin nan bai cika faɗa ba har ya rasu a 2000. A shekarun 1943 da 1944, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar, yakan fita da sunan atisaye daga Florence zuwa Assisi da wasu garuruwa, da takardun shaida na boge a naɗe cikin bututun kekensa, domin Yahudawan da ake farauta su sami hanyar tsira. In an tsayar da shi a shinge yakan roƙi kada a taɓa keken, domin an auna komai nasa daidai da jikinsa. Sunansa ya sa ana ƙyale shi. A 2013 Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da aka kashe a wancan zamani, ta karrama shi a kan wannan aiki.

A farkon shekarun 1950 Campagnolo ya kawo Gran Sport, na'urar da waya ke ja, kuma daga nan keken tsere ya sami kamannin da masu sha'awa suke kira na asali. Firam siriri, sandar sama a miƙe sambal. Ƙahon tuƙi mai lanƙwasa ƙasa, an naɗe shi da zaren auduga, wayoyin birki sun fito ta samansa sun yi baka. Sirdin fata. Feda mai ɗan keji da maɗaurin fata da ke riƙe takalmi. Ƙananan hannaye biyu na canja giya a jikin bututun da ya gangara zuwa feda. Nauyin duka bai wuce kilo 10 ko 11 ba. Hannun giyar nan ba shi da matakala, ba ya cewa ƙas ya tsaya maka inda ya dace. Kai ne za ka saki hannun dama daga ƙaho, ka sassauta taka feda kaɗan, ka ja shi a hankali kana sauraro, kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo, har ƙarar sarƙa ta ɗauke. Wanda ya saba, hannunsa kan je ya dawo bai ma duba ba. Ni a ganina babu wani abu a keken zamani da ya maye daɗin wannan.

Shekaru 30 da suka biyo baya su ne ganiyar ƙananan maƙera. Faliero Masi yana da shagonsa a ƙarƙashin kujerun filin tseren Vigorelli a Milan. Ernesto Colnago yana ƙauyen Cambiago, ga Ugo De Rosa, ga Cino Cinelli. A gefen Paris, René Herse da Alex Singer suna ƙera kekunan doguwar tafiya masu madigadi da fitila da 'yar kariya a gaba, waɗanda har yanzu ake ganin ba a yi kamarsu ba. Manyan mahaya kan kai awon jikinsu wurin waɗannan mutane, a ƙera musu firam, sannan a shafa masa fenti da sunan kamfanin da ke biyansu albashi. Eddy Merckx na Beljiyam, wanda ya ci Tour sau biyar, an san shi da tsananin bin diddigi har yakan gyara tsayin sirdinsa yana cikin tsere. A ranar 25 ga Oktoba, 1972, a birnin Meziko, ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a kan keken ƙarfe da Colnago ya ƙera masa, wanda bai kai kilo 6 ba, an huhhuda duk inda za a iya hudawa don rage nauyi.

Amma yawancin tsofaffin kekunan da ke hannun mutane yau daga manyan masana'antu suka fito: Peugeot, Gitane da Motobécane a Faransa, Bianchi a Italiya, Raleigh a Ingila. A farkon shekarun 1970 wata guguwar son keke ta taso a Amurka, har aka sayar da wajen miliyan 15 a 1973 kaɗai, da damansu masu giya goma. Da yawa an hau su rani ɗaya ko biyu aka jingine a gareji, kuma su ne suka zama taskar masu gyara bayan shekara 30. Sunan Raleigh ba baƙo ba ne a wurinmu. Kamfanin da Frank Bowden ya gina daga wani ɗan shago a titin Raleigh na Nottingham shi ne mai Rale ɗin da iyayenmu suka hau, har ya kafa masana'anta a Kano. Shi ne kuma mai ƙungiyar tseren da Joop Zoetemelk na Holan ya ci Tour da ita a 1980. Wannan zumunta ba a suna ta tsaya ba. Mai gyaran keke da ke zaune a gindin bishiya a Kano ko Maradi, wanda ya san yadda ake fitar da kota da guduma, ake jera boris cikin giris, ake ɗaure sifok har rim ya miƙe, ya riga ya iya mafi yawan abin da Bature mai sha'awar tsohon keke yake koya daga littafi.

Ƙarshen wannan zamani daga Japan ya ɓullo, kuma a nan ina ganin ba a yi wa wani kamfani adalci ba. A 1964 Nobuo Ozaki na kamfanin SunTour ya karkata jikin na'urar canja giya yadda za ta riƙa bin gangaren haƙoran baya, tazararta da su ba ta canjawa. Wannan ƙaramar dabara ta sa na'urar SunTour mai araha ta fi ta Campagnolo mai tsada canja giya sumul, amma masu tsere suka daɗe suna raina ta saboda araharta. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 1984, kowa ya kwafa. Shimano ya haɗa ta da hannun giya mai matakala, wanda kowane ƙas ɗaya giya ɗaya ne. A daidai wannan lokaci kamfanin Look na Faransa, mai yin kayan wasan ƙanƙara, ya kawo fedar da takalmi ke maƙalewa ba keji ba maɗauri, Bernard Hinault ya ci Tour da ita a 1985. A 1986 Greg LeMond ya ci a kan firam mai bututun kabon. A 1990 Shimano ya ɗauke hannun giya daga jikin firam ya cusa shi cikin hannun birki. Kafin shekarun 1990 su ƙare, ƙarfe ya fita daga manyan gasanni, SunTour ma ya durƙushe. Keken da ya zo bayan nan ya fi gudu, ya fi tsayawa in an taka birki, ba mai musun haka. Sai dai sassansa a rufe suke zuwa, in sun lalace a jefar a sayi sabo, kuma sabon samfuri sau da yawa ba ya shiga da na shekarun baya.

Waɗanda suka ƙi jefar da tsofaffin, aikinsu na farko kullum ɗaya ne: a kwance keken kaf. Za ka buɗe cibiyar ƙafar baya ka tarar da giris ya bushe ya zama ƙanzo, ka tsame boris ɗai-ɗai a kan tsumma, yawanci tara a kowane gefe, ka wanke da kananzir, ka duba hanyar da suke bi ko ta yi rami. In sumul take, sai sabon boris da sabon giris. Ɗaurewar ce gwaninta: a matse sosai ƙafa ta yi tauri, a sassauta ta riƙa girgiɗi, kuma tsakanin biyun bai wuce ɗan juyin sifana ba. Ana barin ɗan sako-sako kaɗan da gangan, domin in an rufe hannun nan na Campagnolo yana ƙara matsewa. Ba littafin da zai sa maka wannan a yatsa, sai yi.

Daga nan sai rigimar awo, wadda ta fi komai ba sabon shiga wahala. Kowace ƙasa da nata tiredin. A gidan boris ɗin da ke tsakanin feda biyu, na Ingila yana da zare 24 a inci, kuma murfin dama da hagu ake ɗaure shi don kada taka feda ta kwance shi. Na Faransa faɗinsa milimita 35, na Italiya 36, kuma dukansu da dama ake ɗaure su, shi ya sa sukan kwance kansu a hanya in ba a matse su da gaske ba. Raleigh kuma a masana'antarsa ta Nottingham ya yi nasa daban, zare 26 a inci. Wuyan ƙahon keken Faransa milimita 22 ne, na sauran 22.2, bambancin da ido ba ya gani amma ya isa ya hana abu shiga. Tayar inci 27 da tayar da ake kira 700C kamarsu ɗaya, amma rim ɗin farko milimita 630 ne, na biyu 622, ba kuwa za ka taɓa sa ta wannan a wancan ba. Wani bakanike na wani shagon keke kusa da Boston, Sheldon Brown, ya yi shekaru yana tattara irin waɗannan bayanai yana zuba su kyauta a intanet har ya rasu a 2008. Kekuna nawa ne suka tsira daga bola saboda rubutunsa, Allah kaɗai ya sani.

Akwai kuma abubuwan da sai haƙuri. Sandar sirdi ta alminiyam in ta yi shekaru cikin bututun ƙarfe ba giris, sai su manne kamar an yi musu walda. Akan yi kwanaki ana ɗiga mai ana jira, wani lokaci a ƙare da yanka ta daga ciki da tsinken zarto, a hankali don kada a taɓa firam. Sirdin fata na Brooks, wanda har yanzu ake yi kusa da Birmingham, in bai tsage ba ana shafa masa mai kaɗan-kaɗan ya farfaɗo. Ƙarfe kuma yana da alherin da kabon ba shi da shi: in tazarar bayan firam milimita 120 ce ko 126, ana iya buɗa ta a hankali ta karɓi ƙafar zamani mai 130. Abin da ba a wasa da shi shi ne lafiyar mahayi. Robar birki mai shekara 40 ta zama dutse, dole a canja. Rim na ƙarfe mai walƙiya ba ya kama birki in ruwa ya jiƙa shi. Fenti da ya tattare a bayan wuyan firam alama ce keken ya taɓa karo ta gaba, kuma mai hankali yana dubawa nan kafin ya tambayi kuɗi.

Masu wannan sha'awa ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin a kankare tsohon fenti a sake sabo da sabbin tambura har keken ya koma kamar ranar da ya fito daga shago. Wasu na cewa kowane ƙwarzane tarihi ne, a wanke, a tsayar da tsatsa, a bar shi haka. Akwai kuma masu saye su rataye a bango, ba sa bari taya ta taɓa ƙasa. Waɗannan na ƙarshen su ne ban gane musu ba. An ƙera abin nan ne don ya ci hanya, kuma ba ka sanin aikin maƙerin sai ka gangara dutse da shi ka ji yadda yake shan kwana.

Mutumin da ya fi kowa mayar da kekunan nan kan hanya shi ne Giancarlo Brocci, ɗan garin Gaiole in Chianti a yankin Tuskani na Italiya. Abu biyu suka dame shi: ana ta shimfiɗa kwalta a kan fararen hanyoyin tsakuwa na yankinsu, kuma tseren zamani ya yi nisa da irin na Bartali da ya tashi yana ƙauna. A 1997 ya kira taron hawa da ya sa wa suna L'Eroica. Mutum 92 suka zo. Yau dubbai ne suke cika garin a farkon Oktoba na kowace shekara, daga ƙasashe masu yawa. Sharaɗin shiga a fili yake: keken 1987 ko kafin nan, hannun giya a jikin firam, feda mai keji da maɗauri, wayoyin birki a waje. Mafi yawa da rigar ulu suke zuwa. Masu doguwar hanya, kilomita 209, tun kafin asuba suke tashi da fitilu, kuma a hawan Monte Sante Marie za ka ga dattawa da samari sun sauka suna tura kekuna, ƙura ta yi musu fari fat, domin giyar da ba ta san tausayi ba. A wuraren hutu miyar wake da burodi ake ba su irin ta mutanen yankin. Luciano Berruti, dattijo mai dogon gashin baki da ke hawa keken farkon ƙarni na 20, shi ya zama fuskar taron har ya rasu a 2017. Burin Brocci na farko ma ya cika: hanyoyin sun zama abin alfahari da ake karewa, kuma tun 2007 ƙwararrun mahaya suke yin tasu gasar a kansu, wadda yanzu ake kira Strade Bianche. An kwaikwayi taron a Ingila, Amurka, Japan da Afirka ta Kudu.

Nasarar ta zo da tsadarta. Keken da a da ake bayarwa kyauta don a sami wuri a gareji, yanzu in yana ɗauke da sunan Colnago ko Masi sai mai hali. Ga masu manna tambarin babban maƙeri a kan firam na gama-gari su sayar wa wanda bai sani ba. Sai dai kasuwar da ta buɗe ta sa kayan da suka ɓace sun dawo: robar hannun birki, zaren naɗe ƙaho, tambura, har Bianchi ya sake ƙera keke irin na da da sunan taron. Mafi yawan kayan da ake dogara da su kuwa daga kamfanonin Japan suke zuwa. Nitto na yin ƙaho da wuyansa irin na da, MKS na yin feda mai keji, Dia-Compe na yin birki da hannun giya mara matakala, Panaracer na yin tayar inci 27. Wani ɓangare na dalilin shi ne tseren keirin, wanda aka fara a Kokura a 1948. Tun da jama'a na zuba kuɗin caca a kansa, hukuma ta tsaya kai da fata kada wani mahayi ya fi wani kayan aiki, don haka har yau mazan da ke wannan tsere a kan firam na ƙarfe suke hawa, wanda maƙeri mai lasisi ya haɗa da hannu, kowane sashe ɗauke da hatimin amincewar hukumar, NJS. Wannan doka ce ta riƙe ƙananan maƙera da masana'antun nan a raye a shekarun da Turai ta juya wa ƙarfe baya, kuma a shagunansu ne wasu samari daga ƙasashen waje suke zuwa koyon yadda ake narka tagulla ta ratsa mahaɗi ba tare da an ƙona bututu ba.